Soket a Tsakar Gida: Bireka, Ating ko RCD, Wanne Ke Kare Ran Mutum?

Da zarar damina ta kankama, labarin ba ya sauyawa. Wance ta taɓa firiza wuta ta ja ta. Yaron gidan wane ya taka ekstenshan a cikin ruwa. Wata ta kama igiyar shanya ta ƙarfe ta kasa saki. Sai a ce ruwa ne ya jawo, ko a ce wutar ce aka kawo da ƙarfi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: gidan nan da bireka a cikinsa, an kuma buga ƙarfen ating tun lokacin da aka yi wayarin, to me ya hana wutar yankewa a daidai lokacin da take jan mutum?

Duk aikin sa soket a waje a kan amsar wannan tambaya yake tsaye. Tsakar gida yanzu wurin aiki da lantarki ce: sumo na bohol, injin wanki, firizar ƙanƙara a ƙarƙashin rumfa, injin markaɗe, fanka ga masu kwanan waje da bazara. Yawancinsu ta taga ake jawo musu wuta da ekstenshan, wai na wucin gadi, wucin gadin da kan kai shekara biyar. Soket na dindindin ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma sai an yi shi a kan ƙa'ida. In ba haka ba, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Abin da ya sa waje ya fi ɗaki haɗari

Wutar gidaje a Najeriya bolt 230 ce, ko a ɗaki ko a waje. Abin da ke yi wa mutum illa shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa ta wuce ƙasa, ana kuma auna ta da mili-amfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Mili-amfiya ɗaya, mutum zai ji tsam. Daga goma zuwa sama, tsokar hannu na iya dunƙulewa ya kasa sakin abin da ya riƙe. Shi ya sa ake cewa wuta ta "riƙe" shi. Daga hamsin zuwa ɗari, idan ta bi ta ƙirji na daƙiƙa ɗaya ko biyu, bugun zuciya na iya hargitsewa, ba kuma ya komawa daidai da kansa.

Abin da ke rage wa wutar hanya shi ne busasshiyar fata, takalmi da busasshen daɓe. A ɗaki, mutum na tsaye a kan leda ko kafet. A tsakar gida kuwa, mai wanki tana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta cikin ruwan omo. A wannan hali turjiyar jiki kan sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000: mili-amfiya 230 ke nan, ninki biyu da ɗoriya na abin da ke tsayar da zuciya. Wutar ba ta ƙaru ba. Hanya ce ta buɗe mata.

Bireka waya take karewa

A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Ƙaramar birekar da ke cikin akwatin rarraba wuta, wadda ake kira MCB, aikinta shi ne ta hana waya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta har ta narke gobara ta tashi. Wadda aka rubuta wa B20 tana barin amfiya 20 su wuce har abada, ba kuma ta faɗuwa nan take sai wutar ta kai tsakanin amfiya 60 da 100. Mili-amfiya 230 ɗin da ke ratsa mai wanki kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na abin da birekar ta saba ɗauka. A wurinta, kamar an kunna ƙwan fitila ne. Fis ɗin cikin fulogi ma haka yake.

To ating fa? Amfaninsa shi ne idan wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, wutar ta samu hanya zuwa ƙasa. Sai dai a gidaje da dama ating ɗin duka ƙarfe ɗaya ne mai tsawon ƙafa huɗu ko shida da aka buga a bayan ɗaki. A ce turjiyarsa om 50 ce, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasa mai yashi. Idan wayar wuta ta taɓa jikin firiza, abin da zai bi ta ƙarfen bai wuce amfiya 4.6 ba. Bireka mai 20 ba za ta motsa ba. Firizar za ta ci gaba da aiki, jikinta ɗauke da wuta, tana jiran wanda zai dafa ta. Da rani ma abin ya fi muni, domin ƙasar Arewa kan bushe ƙarau daga hunturu zuwa bazara, turjiyar ƙarfen ta ƙara hawa.

Na'urar da aka ƙera domin mutum ita ce RCD. A kasuwa wasu na ce mata ELCB, masu sana'a a Nijar kuma diferansiyel. Ba ta damu da yawan lodin da aka ɗora ba. Lissafi ɗaya take yi: wutar da ta fita ta wayar layif, ita ce ta dawo ta wayar nutural? Idan an samu giɓi, to wani ɓangare ya zurare ta wata hanya, ko ta ruwa, ko ta jikin ƙarfe, ko ta jikin mutum. Mai mili-amfiya 30 dole ta yanke cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa idan giɓin ya kai 30, idan kuwa ya kai 150, cikin kashi huɗu bisa ɗari na daƙiƙa. Mutum zai ji jan wutar, zai ma iya faɗuwa, amma yawanci ta yanke kafin zuciya ta rikice. Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1950 aka fara amfani da irinta a mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu.

Idan aka haɗa ta da ating mai kyau, sai su zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Waccan firizar da wayar wuta ta taɓa jikinta, RCD za ta yanke mata wuta a take, tun kafin kowa ya matso. Ating ya buɗe wa wutar hanya, RCD ta gano ta rufe.

Wajen saye akwai tarko biyu. Lamba biyu ake rubutawa a jikinta. Babbar, 40A ko 63A, ƙarfin lodin da za ta iya ɗauka ce. Wadda ta shafi rai ita ce ƙaramar: a nemi 30mA ko 0.03A. Masu 100mA da 300mA don rigakafin gobara aka yi su, ba za a dogara da su wajen ceton mutum ba. Tarko na biyu, RCD zalla ba ta faɗuwa saboda yawan lodi, sai an haɗa ta da MCB. Akwai wadda ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, sunanta RCBO, ita ce kuma ta fi dacewa da layin tsakar gida. Abu ɗaya da ba ta iya ganewa: wanda ya kama layif da hannu ɗaya, nutural da ɗayan, alhali ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A lissafinta, abin da ya fita ya dawo.

"Tana yawan faɗuwa": gardamar masu gyara

Masu gyaran wuta da yawa ba sa son RCD, ba kuma don jahilci ba ne kawai. Hujjarsu ita ce mai gida ba ya barin su barci: da an yi yayyafi gida ya yi duhu, a kira su. Akwai gaskiya a ciki. Mai 30 tana iya faɗuwa tun daga mili-amfiya 15, kowace na'ura kuma tana zurar da ɗan abin da ba a rasa ba. Idan RCD ɗaya aka ɗora wa gida duka, da hita, da firij biyu, da na'urar sanyaya ɗaki, da tsofaffin haɗe-haɗen da aka naɗe da salatif a cikin bango, 'yan zurare-zuraren nan sai su taru su kai. Ƙari a kan haka, a wayarin da yawa an ari nutural ɗin wani layi an ba wani, RCD kuwa ba ta yafe wannan.

Amma maganin da ake yi, wato a cire ta ko a tsallake ta da guntuwar waya, kashe ɗan aike ne don ya kawo labari marar daɗi. Gyaran na gaskiya shi ne a ba tsakar gida layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta, da RCBO nata, layif da nutural nata, ba ta aron komai daga ɗakuna. Idan ruwa ya shiga soket ɗin waje, shi kaɗai zai mutu, fankar ɗaki na ci gaba da juyawa. Mai gida kuma ya san inda zai duba. Jawo waya daga bayan soket ɗin ɗaki ta huda bango ya fi araha, ana kuma iya yi idan soket ɗaya ne a jikin bangon, amma da sharaɗin layin yana da ating na gaske, soket ɗin wajen kuma yana ƙarƙashin RCD.

Ɗan haya da ba shi da ikon taɓa akwatin gida yana da mafita: akwai RCD da ake sokawa a soket kamar adafta. Sai dai da yawansu suna sakin kansu idan an ɗauke wuta, sai an danna kafin su dawo. Ga injin wanki wannan alheri ne. Ga firizar nama a garin da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, asara ce.

Soket ɗin da inda za a kafa shi

Soket na ɗaki ba ya zama na waje don an kifa masa rabin jarka. Na waje yana ɗauke da lambar IP da alƙaluma biyu: na farko kariya daga ƙura, na biyu daga ruwa. IP44 fantsalin ruwa kawai yake jurewa, ya isa ƙarƙashin baranda mai zurfi. Inda ruwan sama ke bugun bango kai tsaye, ga kuma ƙurar hunturu, IP66 ake nema. Lambar nan tana aiki ne muddin murfin a rufe yake. Don haka a sayi irin wanda murfinsa ke rufuwa da fulogin a ciki, wayar ta fito ta wata kafa mai roba a ƙasa. Wanda sai an bar murfinsa a buɗe ake amfani da shi, a lokacin aiki ba shi da bambanci da na ɗaki.

Wurin kafawa ya kai soket ɗin muhimmanci. Kada ya zo ƙarƙashin indararo ko bakin kwano inda ruwa ke kwarara. Kada ya kusanci famfo, wurin alwala ko bakin rariya, a ba shi tazarar taku uku ko fiye. A ɗaga shi kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da ɗigo biyu daga daɓe, domin tsakar gidan da rariyarta ta toshe a watan Agusta tana iya tara ruwa har idon sawu, sannan tsayin yana nesanta shi da mai rarrafe. Bangon da rana ke duka tun azahar har magariba yana gasa roba ta yi fari ta tsattsage, inuwa ta fi. Kusa da turken awaki kuwa, duk wayar da ta fito fili abinci ce.

Waya ta shiga akwatin ta ƙasa, ta cikin maɗaurin da ke matse ta, wanda masu kanti ke kira gilan. Idan ta sama ta shigo, bututun ya zama mazurari. Ramin da aka huda a bango ya karkata ƙasa ta wajen waje, a toshe gefensa da silikon. Akwatuna masu kyau suna da alamar wurin huda ƙaramar kafa a gindinsu don raɓar da ke taruwa a ciki ta tsiyaye. A huda wannan, a toshe sauran ƙofofin da ba a yi amfani da su ba, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ciki, tururuwa su kwaso ƙasa, da damina ginin ya jiƙe ya haɗa layif da ating. Wata faɗuwar RCD da ake ɗora wa aljanu, zanzaro ne.

Soket mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000 ko ƙasa kaɗan. Injin walda ba wurinsa ba ne. Sumo ma bai kamata ya zauna a kan fulogi ba: a ba shi makunni mai yanke layif da nutural tare, a cikin akwati mai hana ruwa, haɗin wayarsa da ke cikin rijiya kuma a yi shi da kayan haɗi na cikin ruwa, ba salatif da ledar burodi ba. Injin da ke da mota mai juyawa a cikinsa, irin sumo, yana jan wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi, saboda haka bireka mai harafin C, wadda ta fi jure wannan fizgar, ta fi dacewa da shi a kan mai B.

Kaurin waya, nisa da zafin rana

Ga soket ɗaya ko biyu, wayar tagulla mai kauri 2.5, wato faɗin bakin tagullarta a murabba'in milimita, ita ce mafi ƙanƙanta. Mai 1.5 ta fitila ce. Amma akwai abu biyu da ke iya tilasta a hau zuwa 4.

Na farko nisa. Waya mai 2.5 tana zubar da mili-bolt 18 a kowace mita ga kowace amfiya, mai 4 kuma mili-bolt 11. Ƙa'ida ita ce kada abin da ya zube ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11.5. Lodin amfiya 13 a nisan mita 40 da waya mai 2.5 zai zubar da bolt 9.4, ya shiga. A mita 60 zai zubar da 14, ya wuce. Mai 4 a wannan nisan 8.6 kawai za ta zubar. Wannan lissafi ya fi muhimmanci a unguwar da taransifoma ta riga ta gaji, wutar na zuwa a raunane. Injin da bai samu isasshen bolt ba yana ƙara jan amfiya, ya yi zafi, kwayil ɗinsa ya ƙone. Sau da yawa sumo da ake cewa "ba shi da kyau", siririyar waya ce ta kashe shi.

Na biyu zafi. Teburin da ke cewa waya mai 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24, an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40 ana ninka lambar da 0.87, ta koma kusan 21. A 45 ana ninkawa da 0.79, ta koma 19. Duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san bututun da ke manne a bango cikin rana ya wuce haka. Saboda haka ko a sa bireka mai 16 a kan waya mai 2.5, ko a bar mai 20 a hau waya mai 4.

Sai maganar jabu. Ana yin waya mai kyau a cikin gida, irin su Cutix a Nnewi, da Coleman, Nigerchin da Kabelmetal, amma sunan da ke jikin naɗi ba shaida ba ne, domin masu jabu ma sun iya rubutu. Jabu iri biyu ce. Akwai wadda aka rage wa kauri: mai 2.5 ta gaske, idan silli ɗaya ce, kaurinta milimita 1.78 ne, ana iya aunawa. Akwai kuma alminiyon da aka shafa wa tagulla a baya. Kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana, ita ce. Alminiyon bai wuce kashi 61 cikin ɗari na tagulla ba wajen ɗaukar wuta, yana kuma sassautawa a ƙarƙashin noti, ya ci tsatsa idan ya ga laima. A waje, nan da nan yake nuna halinsa.

Ta ƙasa ko ta sama

Idan soket ɗin a jikin gini yake, wayoyi uku a cikin bututun roba mai milimita 20, a binne a bango ko a ɗaure da kilif kusa-kusa, sun wadatar. Farar waya mai faɗi ta cikin ɗaki ba a barin ta a rana tsirara, robarta na bushewa ta farfashe.

Idan za a ƙetare fili zuwa rumfa, shago ko bohol, kebul mai sulken ƙarfe ake binnewa, wanda ake kira amod, mai waya uku a ciki. A haƙa rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60, a ƙara inda mota ke bi ko inda ake noma 'yar gonar bayan gida. A shimfiɗa yashi mai laushi kamar faɗin tafin hannu, a kwantar da kebul ba tare da ja ba, a sake rufe shi da yashi, a jera bulo ko fale-falen siminti a kai, sannan a shimfiɗa ledar gargaɗi kafin a cike. Wanda zai zo haƙa masai bayan shekara goma bai san da kebul ba, bulon ne zai faɗa wa digarsa. Sulken kansa dole a haɗa shi da ating ta gilan na ƙarfe, don idan diga ta huda, wutar ta bi sulke ta yanke. Kada a yi haɗi a cikin ƙasa. Wayar roba zalla a cikin bututu ta fi araha, amma bututun ƙasa ko ba jima ko ba daɗe yana cika da ruwa, ga gara, ga gafiya.

Ta sama kuwa, a ɗaure kebul a jikin wayar ƙarfe mai ɗaukar nauyi, tsayinsa kada ya gaza mita uku da rabi, inda mota ke shiga kuma ya haura biyar. Babban haɗari shi ne wayar da aka ratsa ta bakin kwano. Iska na kaɗa ta, kaifin kwano na yankar ta a hankali, ranar da ya kai ga tagulla rufin duka ya ɗauki wuta, da ƙofar ƙarfe, da igiyar shanyar da aka ɗaura a jikinsa. Ga asalin labarin matar da ta kasa sakin igiya.

Launin waya, da bidiyon Amurka

A tsohon tsarin da har yanzu ya fi yawa a kasuwanninmu, ja ita ce layif, baƙa nutural, koriya ating. A sabon tsari, ruwan ƙasa layif, shuɗiya nutural, kore da rawaya ating. Idan kana fuskantar soket mai ƙafa uku, ramin sama ating ne, na dama layif, na hagu nutural, a bayansa kuma an rubuta L, N da E.

Masu koyon aiki a YouTube su yi hattara. Da yawa daga cikin bidiyon sa soket a wajen gida daga Amurka suke, inda wutar soket bolt 120 ce, ma'aunin waya daban, kuma baƙar waya a can ita ce mai wuta, fara ce nutural. Wanda ya kwafo wannan ya kawo gidan da baƙa ke nufin nutural ya juya komai. Na'ura za ta yi aiki lafiya lau ko da an juya, illar ita ce makunni da fis sun koma kan nutural: ka kashe, amma cikin na'urar na nan da wuta.

Kafin a taɓa waya, a kashe babban makunni, a mayar da cenji-oba tsakiya, a kashe janareta da inbata, a kuma sanar da mutanen gida. A gidan da ke da hanyar wuta uku, kashe ɗaya ba ya nufin komai. Tasta mai kama da sukundireba ba abar dogaro ba ce, a cikin hasken rana ma ba a ganin ƙyallinta. A yi amfani da mita mai baki biyu, a gwada ta a wurin da aka san da wuta, a gwada wayar, a sake gwada mitar. Wajen ɗaurewa, kada tagulla ta leƙo daga ramin noti, kada kuma notin ya danne roba. A bar wayar ating ta fi sauran tsayi kaɗan, don idan aka fizgi kebul ita ce ta ƙarshen ficewa.

Idan wutar ta janareta ce ko inbata

RCD tana aiki ne saboda nutural ɗin taransifoma a haɗe yake da ƙasa, wutar da ta zurara tana da hanyar komawa gida. Ƙananan janareta da inbata da yawa nutural ɗinsu ba ya haɗe da komai. A kansu, waya za ta iya taɓa jikin na'ura ba wanda ya sani, RCD ba ta ga giɓi ba, maɓallin gwajinta kuma yana faɗar da ita kamar komai lafiya. Haɗarin yana bayyana ne ranar da matsala ta biyu ta samu. Gyaransa, wato haɗa nutural da ating a wuri ɗaya tak kafin RCD, ya danganta da irin injin, akwai waɗanda haɗin zai lalata su. Wannan aikin gwani ne da takardar injin a hannunsa. Cenji-oba kuma dole ya yanke layif da nutural duka. Soka janareta a soket ɗin tsakar gida da waya mai fulogi biyu don a ba gida wuta kuwa, yana barin ƙafafun fulogi tsirara da wuta, yana kuma iya tura wuta kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan fal.

Gwaji kafin a biya kuɗin aiki

"Ga shi ya kawo" ba gwaji ba ne. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, mai gida na da damar ya nemi gani. Ya kuma nemi a auna abu huɗu a gabansa: cewa ramin ating na soket yana haɗe har zuwa ƙarfen ƙasa, cewa layif da nutural ba su juya ba, cewa rufin wayar ya nuna aƙalla mega-om ɗaya idan aka buga masa bolt 500 da mega, wato na'urar gwada rufin waya, da kuma cewa RCD tana faɗuwa cikin lokacinta. Ƙarfen ating a auna shi da rani, lokacin da ya fi rauni. Idan ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, a ƙara wani ƙarfen nesa da na farko da aƙalla tsawonsa, a haɗa su. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna sauke lambar a ranar, amma gishirin na wankewa da ruwa, yana kuma cin ƙarfen. A bar bakin ƙarfen a cikin ɗan akwatin siminti mai murfi, don a riƙa ganin ko maɗaurinsa ya ci tsatsa.

Daga nan aikin mai gida ne: danna maɓallin T na jikin RCD duk wata uku, da kuma kafin ruwan farko. Idan ba ta faɗi ba, ta mutu, a sauya ta. Idan ta faɗi da kanta lokacin ruwa, a cire duk fulogin da ke waje a mayar da ita. Ta tsaya, laifin wata na'ura ne, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Ta ƙi tsayawa, ruwa ya shiga soket ko kebul, a bar layin a kashe sai mai gyara ya zo.

Idan wuta ta riga ta kama mutum

Kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni ko a zare fulogi. Idan ba hali, a tsaya a kan busasshen katako a ture wayar da busasshiyar sanda ko taɓarya, ba jiƙaƙƙiya ba. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan wuri mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota ko ya kira 112. Ɗura masa madara ko binne shi a yashi ba ya fitar da wata wuta daga jiki, babu wutar da ta rage a ciki, madarar ma tana iya sarƙe wanda bai farfaɗo ba. Wanda ya suma, ko ya ƙone, ko yake jin ƙirjinsa na bugawa ba daidai ba, da mai ciki, da ƙaramin yaro, a kai su asibiti a duba zuciyarsu ko da sun miƙe sun ce ba komai.